Amsa ga 'yar'uwar da ke son ɗauko marainiya daga gida zuwa Amurka

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce ke da maigidanki kuna zaune a Amurka da takardun zama 'yan ƙasa, kuna son ɗauko wata marainiya ta dangi daga Najeriya ku riƙe, kina kuma tambayar tsawon lokacin da abin ke ci da yadda ake jure jiransa. Mu ma mun bi wannan hanyar saboda 'yar ƙanen maigidana, wadda iyayenta duka suka rasu ta rage a hannun kakarta, kuma namu ya haura shekara biyu, don haka ki shirya wa jiran shekaru tun daga yanzu.

Yana da kyau ki san abin da ke jawo jinkirin, domin saninsa yana rage zafin rai. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1993 da ke tsara ɗaukar yaro riƙo daga wata ƙasa zuwa wata. Amurka ta fara aiki da ita a 2008, amma Najeriya ba ta cikinta, shi ya sa ake bin tsohuwar hanya ta fom I-600A na tantance cancantarku ta riƙo, sannan I-600 na neman Amurka ta amince da yarinyar a matsayin marainiyar da kuka ɗauka. Tun daga 2014 kuma dole sai an bi ta hannun hukumar riƙo mai lasisi, ko da yarinyar jininku ce. Jami'ar walwala za ta zo gidanku ta ga ɗakin da yarinyar za ta kwana, ta tambayi kuɗin shigarku da lafiyarku da yadda aka rene ku, a kuma ɗauki zanen yatsunku. Wannan kashin yana da gajiya, amma ana iya jure shi, tunda kullum akwai abin da hannu ke yi.

Ƙofar ma kanta ƙara tsukewa take yi a duniya. A 2004 yaran da Amurkawa suka ɗauko daga ƙasashen waje sun kusa 23,000, amma a 2023 ba su kai 1,500 ba. Rasha ta hana Amurkawa a 2013, Habasha ta rufe a 2018, Sin ta biyo baya a 2024, Birtaniya kuwa ta taƙaita ɗauko yara daga Najeriya a 2021 saboda takardun bogi da cinikin jarirai. Duk wanda ya taɓa jin labarin gidajen da ake tsare 'yan mata su haihu a sayar da abin da suka haifa, ba zai ga laifin wanda ya tsananta bincike ba, kuma ni har yau ina ganin tsanantawar ta dace, duk da kukan da ta sa ni.

Jiran da ke cin rai shi ne na biyu, wato bayan kotu a gida ta ba ku yarinyar, ta zama taku a shari'a, amma ba ta da biza. A nan ne ake binciken tabbatar da maraicinta, wanda ake kira I-604, kuma yakan ɗauki watanni. Matsalar da mutanenmu suka fi cin karo da ita ita ce takardar shaidar mutuwa, domin a wajenmu ana rasuwa da safe a yi jana'iza kafin azahar, ba wanda tunaninsa ke zuwa kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a ranar makoki. Takardar da aka karɓo shekaru bayan rasuwa kuwa tana jawo ƙarin tambaya, har ta kai a je unguwa a ji ta bakin maƙwabta. A wannan lokacin za ki samu masu cewa suna da hanya, su gyara ranar haihuwa ko su samo hatimi cikin mako guda. Ina roƙonki da Allah kada ki saurare su. Ƙarya ɗaya tak a takarda tana iya rushe duk abin da kuka gina, kuma yarinyar ce za ta fi kowa cutuwa.

A waɗannan watanni na saya wa tamu yarinyar kayan sallah da takalma na jera a ɗakinta, sallar ta zo ta wuce, da aka turo mini sabon hotonta sai na ga ta fi ƙarfin kayan. Nakan kira ta ta WhatsApp da asubar nan, lokacin da hantsi ya dubi ludayi a can, ta leƙo ta ga fuskata a waya, ta koma ta ɓuya a bayan zanen kakarta. Wani lokacin in farka cikin dare in duba saƙonni, alhali na san ba ofishin da ke aiki a wannan sa'ar. Ga kuma 'yan'uwa da abokan arziki masu tambayar “Yaushe za ta iso?” a kowane taron suna, da kyakkyawar niyya suke yi, amma tambayar takan zauna mini a ƙirji har in koma gida. Shawarata ita ce ki rage yawan waɗanda za ki sanar, kuma ku tsayar da rana ɗaya a mako ke da maigidanki ta maganar takardu, domin in ba haka ba zancen zai cinye hirarku gaba ɗaya.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne tuna cewa ita ma yarinyar tana cikin jiran, kuma girma take yi. Mun ɗauki nauyin makarantarta da asibitinta tun tana can, na je na zauna da su na ɗan lokaci har ta saba da hannuna wajen wanka da kitso. Kada kuma ki manta da wadda ke riƙe da ita. Ranar da muke murna, surukata rabuwa take yi da abin da ɗanta ya bari, kuma da yarinyar ta iso sai da ta yi makonni tana neman kakarta da dare, ba ta cin komai sai tuwo da miyar kuka. Ki shirya wa wannan tun da wuri, kada ki ɗauka ƙin ki take yi.

Ta fuskar addini, mun bar mata sunan mahaifinta kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni, kuma hukuncin kotu bai hana hakan ba. Maganar gado da muharramaka ki kai wa malamin da kika yarda da shi kafin ku sa hannu a komai.

Abu biyu nake so ki bayyana mana don a ba ki shawarar da ta dace. Shekarunta nawa, tunda ƙa'ida ita ce a shigar da I-600 kafin ta cika 16? Sannan mahaifiyarta tana raye? Idan tana raye, dokar Amurka ba ta ɗaukar yarinyar a matsayin marainiya sai an nuna uwar ba ta da halin riƙe ta, ta kuma rubuta cewa ta sallama ta har abada, wannan kuwa magana ce da ya kamata a zauna da uwar a yi ta a tsanake kafin ku biya kowa ko kwabo. Allah Ya sauƙaƙa muku.