Tambaya da Amsa: Wai Jamus ma suna da ganuwa?

TAMBAYA: Malam, muna hira a majalisarmu nan Ƙofar Sauri sai wani ya ce wai Jamus ma sun yi ganuwa irin tamu. Da gaske ne? Daga mai karatu a Katsina.

AMSA: To ɗan'uwa, katanga kam an yi, amma fa ba irin tamu ba. Tamu ta ƙasa ce, mahara ake tarewa da ita, ita kuwa ta Balin, babban birnin Jamus, 'yan gida aka tare kar su fita. Bayan yaƙin duniya na biyu an raba Jamus biyu, har shi birnin Balin ma aka raba, gabas na hannun Tarayyar Sobiyat, sai mutanenta suka dinga sulalewa yamma, har likitoci da injiniyoyi, abin ya ishi gwamnatin gabas, daren 13 ga Agusta 1961 aka ja waya mai ƙaya aka zagaye yammacin Balin, mutum ya wayi gari hanyar gidan surukansa a toshe. Daga baya aka zuba kankare, zagayen ya kai wajen kilomita 155, ga sojoji da bindiga. Aƙalla mutum 140 suka rasu sanadinta. Ranar 9 ga Nuwamba 1989 aka buɗe ƙofofin, jama'a suka far mata da guduma, kowa na tsintar ɓaraguzai ya kai gida.