Rajistar sunan kasuwanci: sunan wa ke kan takardar?

Tambaya: Ina sayar da wake da shinkafa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wani otal a Ikeja ya ce zai riƙa karɓar kayan kusan naira miliyan 3 duk wata, amma ba ya biya sai ta asusun banki mai sunan kasuwanci. Na ba ɗan yayata kuɗi ya yi mini rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, satifiket ya fito. Da na je banki suka ce sai yaron ya zo da kansa, don NIN ɗinsa da lambar wayarsa ya sa. Ya ce ba komai, zai buɗe asusun ya miƙa mini katin. In yarda? Kuma da wannan takarda zan iya neman kwangilar gwamnati?

Amsa: Alhaji, kada ka yarda. Ajiye maganar kwangila a gefe tukuna, domin a yanzu ba ka da rajista. Ɗan yayarka ne yake da ita.

Hukumar rajistar kamfanoni ba ta tambayar wanda ya biya kuɗi ko wanda ke zama a rumfa. Sunan da aka shigar a gurbin mai kasuwancin shi ta sani, banki ma shi zai bi. Kamar ka sayi mota ne aka rubuta takardunta da sunan direba. Rajistar suna kuma ba kamfani mai "Limited" ba ce, doka ba ta raba kasuwancin da mai shi. Don haka duk kuɗin da otal ya zuba a asusun nan, a takarda na yaron ne.

Ban ce yaron macuci ba ne, wataƙila gaggawa ce ta sa ya yi amfani da abin da ke hannunsa. Amma ba sai da cin amana ake shiga uku ba. In wani ya kai shi kotu kan bashi, ana iya riƙe kuɗin asusun. In ya canja layi ko ya koma gida Arewa da zama, lambar sirri da banki ke turowa wayarsa za ta bi. In ta Allah ta kasance, kuɗin sun shiga lissafin gadonsa, kai kuma ka koma neman shaidu a gaban 'yar uwarka. Irin wannan rigima ta raba gidaje da dama a kasuwanni, kuma yawanci ba ta tashi sai ciniki ya yi kauri.

Gyaran yana da sauƙi muddin kuna shiri. Ka fara neman takardar bayanan rajistar daga CAC, wadda ake kira "status report", ka ba wanda ya iya karatu, ba shi yaron ba, ya karanta maka sunan mai kasuwancin da adireshi da waya da imel. Daga nan a shigar da buƙatar canjin mai kasuwanci a shafin CAC: a sa sunanka da NIN ɗinka da hotonka da sa hannunka, a cire nasa. Wannan sai da amincewarsa, shi ya sa nake cewa a yi a makon nan. Kuɗin da hukuma ke karɓa bai kai na buhun wake guda ba. Ka duba sunanka na NIN ya yi daidai da na BVN harafi da harafi, don Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kai a banki.

In ya fara ja da baya, kada ka tsaya jayayya. Nemi sabon suna ka yi rajista da kanka. Tsohon ba za a ba ka ba, ko wanda ya yi kama da shi sosai. Ka tanadi sunaye biyu, ka guji kalmomi irin su "Federal", "National" da "Group", waɗanda sai da izini na musamman. In an amince da suna ana riƙe maka shi kwana 60, ka kammala a cikinsu.

Kwangilar gwamnati kuwa, satifiket kaɗai ba ya kawo ta. Za a nemi shaidar biyan haraji da tarihin asusu, kai ko asusun ba ka buɗe ba. Riƙe otal ɗin nan shekara guda, kuɗi na shiga da fita ta banki, rasit na ɗauke da suna da lambar rajista, sannan mu yi wannan magana.

Ka kuma tambayi yaron ko a wace shekara aka yi rajistar. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ta wajabta miƙa rahoton shekara kafin 30 ga Yuni, ban da shekarar da aka yi rajista. Wanda ya bari ya taru zai biya tara, sunan kuma ya koma "inactive", wato wanda ba ya aiki, a shafin hukumar, inda akantan otal zai iya dubawa kafin ya sa hannu a biyanka. In akwai bashin rahoto a kan sunan, a biya shi kafin a shigar da buƙatar canjin.