Tunanin da ke faɗo mini cikin salla ya fitar da ni daga Musulunci?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maradi. Ina tsakiyar salla sai tunani ya faɗo mini a kan tashin ƙiyama, har gabana ya faɗi. Na tambayi wani malami bayan magariba, ya ce in rufe bakina kada in kafirta. Tun ranar nake ta sake kalmar shahada. Ina matsayina?

Amsa: Ɗana, ba ka kafirta ba, kuma sallolinka sun yi. Faɗuwar gaban nan da ka ambata ita ce shaidarka. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan suna jin abin da bakinsu ba zai iya furtawa ba, sai ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka ce ƙyamar abin ake nufi. Ɓarawo ai ba ya wahalar da kansa a kan rumbun da babu hatsi.

Sai dai a rarrabe. Akwai waswasi, wanda ke zuwa ba a gayyace shi ba. Maganinsa neman tsari da kau da kai. Ka daina sake shahada saboda shi, ciyar da shi kake yi. Akwai kuma shubuha, tambaya ta gaske da ke neman hujja, ita ba ta mutuwa da tsawa. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, yana nan a Baƙara, aya ta 260, kuma ba a kore shi ba, tsuntsaye huɗu aka ce ya kama. Shakkar da ke rusa imani ita ce wadda mutum ya zauna a kanta ya yarda da ita.

Malamin da ka tambaya, Allah Ya yafe mana da shi, da ya ce "ban sani ba" da ya fi. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32, kuma mazhabarsa muke bi a garin nan. Mu masu rawani abin na yi mana nauyi, musamman in almajirai na zaune.

Ka rubuta tambayar taka yadda take a ranka, ka kai wa malamin tauhidi mai haƙuri, ku zauna ku biyu. Wallahu a'alam.