Ba dokar ce ke korarsu ba, yadda ake ɗora ta ne

Ɗan uwa ka tambaya ko tsananin dokokin addini ne ke sa matasa su daina yarda da Allah. Ni a ganina ba dokar kanta ba ce, ai azumi ma akwai wahala cikin zafin bazara amma ba ka ji wani ya bar addini saboda ƙishirwa. Abin da ke korar mutum shi ne ya yi tambaya a amsa masa da bulala. Ina da aboki tun muna islamiyya, ya tambayi malam kan ƙaddara, wallahi dorina ya sha a gabanmu aka ce shaiɗan ne ke masa huɗuba, daga ranar bai sake tambaya ba sai da ya samu waya ya kai tambayarsa Facebook, can kuma waɗanda suka saurare shi ba masu sallah ba ne. Har yau abin na damuna.

Kuma ka tuna lokacin da Mu'azu bn Jabal ya tsawaita karatu a sallah har wani ya fice ya yi tasa shi kaɗai, Annabi (SAW) Mu'azu ya yi wa faɗa, ba mutumin ba.