Wufata ta sake ƙonewa: yaya ake saita geyin na amfilifayar mota?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sa amfilifaya da wufa mai inci 12 a motata, kuma wufar ta ƙone har sau biyu, kowane karo sai na fara jin wari daga but kafin sautin ya ɗauke. A takardar amfilifayar an rubuta wat 500 RMS (wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore) a om 2 (om ma'aunin turjiyar wuta ne), ita ma wufar haka aka rubuta mata. Rewayan da ya haɗa mini ya ce ba laifinsa ba ne, tunda a rabi ya bar geyin, wani abokina kuma ya ce in ƙure shi domin in ci moriyar kuɗina. Yanzu an sake naɗa mini koyil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin wufar, amma ina tsoron mayar da ita. Yaya zan saita don kada in sake asara? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoron da kake ji yana kan hanya, kuma ina roƙonka kada ka mayar da wufar nan sai an gyara saitin, domin abin da ya ƙona ta a baya yana nan bai gusa ba. Alƙaluman da ka kawo sun nuna kayanka sun dace da juna a takarda, warin da ka ji kuwa na koyil ne da ya yi zafi har rufin wayarsa ya fara narkewa, wanda kusan koyaushe yake nuna an matsa wa amfilifaya fiye da iyakarta.

Rewayanka da abokinka kuskure ɗaya suka yi, duk da cewa shawarwarinsu sun saɓa. Dukansu sun ɗauki abin murɗawar da aka rubuta wa GAIN, ko LEVEL, ko INPUT SENS, a matsayin maɓallin ƙara ƙarfi, wato rabi ya ba da rabin wat, ƙurewa ta ba da duka. Wannan fahimta ita ce nake fama da ita kullum a wurin aiki, kuma ta ci wufa da tuwita (ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti) fiye da duk wata matsalar wayarin da na sani. Aikin geyin shi ne daidaita ƙarfin siginar da rediyon motarka yake fitarwa ta wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, da abin da amfilifaya take buƙata kafin ta kai cikakken ƙarfinta. Amfilifaya mai wat 500 tana nan a wat 500 ko ina aka ajiye shi. Kamar tulu ne a bakin famfo: buɗe famfon sosai yana sa ya cika da wuri ya fara malala, amma cikinsa bai ƙara faɗi ba.

Dalilin da ya sa maganar rabi ba ta da tushe shi ne rediyoyi ba ɗaya suke ba. Akwai mai fitar da bolt 2, akwai mai 4, akwai mai 5, kuma idan bolt ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake nema daga amfilifaya yana ninkawa sau huɗu ne. Saboda haka rabin da ya zauna lafiya a motar wani mai rediyon bolt 2 yana iya zama halaka a motar da rediyonta yake fitar da bolt 4, har amfilifaya ta kai iyakarta tun ƙarar rediyo ba ta wuce tsakiya ba. Duk mai gyaran da ya ce ya san inda ake barin geyin da ido, alhali bai tambayi bolt ɗin rediyonka ba kuma bai ɗauko mitar auna bolt da om ba, caca yake yi da kuɗinka. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne idan kaya suka ƙone sai a ce wufar jabu ce, ko a ce amfilifayar ta fi ƙarfinta, mai mota ya koma kasuwa ya sayo wata, a sake ɗaura ta a kan saitin da ya kashe ta farko.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowace amfilifaya tana da iyakar bolt ɗin da za ta iya kaiwa, kuma idan aka nemi ta wuce nan sai ta datse kawunan igiyar sautin, maimakon su tafi a lanƙwashe su zama a shafe kamar an yanke su da wuƙa. Igiyar da aka datse tana daɗewa a ƙololuwa, don haka wutar da take zuba wa koyil ta fi ta igiya lafiyayya, kuma idan datsewar ta yi tsanani tana iya kusantar ninki biyu. Ita kuwa wufar motsinta ne yake shigar da iskar da ke sanyaya koyil, kuma motsin ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar zafin. Ka haɗa wannan da but ɗin motar da ta yini a rana cikin watan Afrilu, sai ka ga dalilin da ya sa gam yake saki, waya ta yi baƙi. A sifikun ƙofa kunne yana saurin kama datsewa, domin murya takan yi kaushi tana tsagewa, kuma tuwita ce take fara mutuwa. A wufa kuwa da wuya ka ji, musamman tana bayan kujera a rufe, shi ya sa hanci yake riga kunne samun labari, kuma a lokacin an riga an makara.

Kafin ka taɓa geyin, akwai abubuwa biyu da za ka tabbatar. Na farko, wat 500 ɗin nan gaskiya ce? Ka duba fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar, ka ninka amfiyarsa da bolt 14. Idan fiyus mai amfiya 20 ne, abin da zai shiga ba zai wuce kusan wat 280 ba, kuma wani kaso yana tafiya a zafi, don haka ba ta da inda za ta samo 500. Amfilifaya ajin D, wato irin da ba ta ɓarnar wuta sosai a zafi, mai wat 500 na gaske takan zo da fiyus na wajen amfiya 40 zuwa 50. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali da sunan PMPO ko MAX kada ka sa su a lissafi. Na biyu, tunda an sake naɗa koyil, ka ɗora mita a bakin wufar ka auna om ɗinta. Mai om 2 takan nuna ƙasa da 2 kaɗan, kuma idan ka ga ta yi ƙasa sosai ko ta haura, to mai naɗin ya canza maka ita. Ko da awon ya yi daidai, ba ka da tabbacin wayar da gam ɗin da ya sa suna jure zafi kamar na kamfani, saboda haka shawarata ka ɗauke ta a matsayin mai wat 400.

Lissafin bolt ɗin da za ka nema mai sauƙi ne: ka ninka wat da om, sannan ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. Da wufar sabuwa ce, 500 sau 2 ya ba da 1000, wanda ya fito bolt 31.6. A halin da kake ciki, 400 sau 2 ya ba da 800, wato bolt 28.3, kuma wannan ita ce lambarka.

Sai ka cire wayoyin wufar daga amfilifaya, ka mayar da geyin ƙasa gaba ɗaya, ka kashe BASS BOOST da LOUDNESS, ka mayar da duk saitin bas da tirebul na rediyo zuwa sifili, ka buɗe LPF, wato abin murɗawar da ke barin sautin bas kaɗai ya wuce zuwa wufa, zuwa lambarsa mafi girma domin kada ya rage sautin gwaji. Ka tayar da mota, domin da injin yana aiki wutar takan tsaya tsakanin bolt 13.8 da 14.4, kuma a wannan yanayi kake sauraro a hanya. Ka samo sautin gwaji na Hz 50 (sautin bas guda mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa) wanda aka ɗauka a 0 dB, wato da ƙara a cike, ka kunna shi ta hanyar da ka saba jin waƙa, ko filash ko Bluetooth, idan Bluetooth ne ƙarar wayarka ta kasance a ƙure. Ka rage sifikun ƙofa ko ka cire su, sannan ka kai ƙarar rediyo kashi uku cikin huɗu, misali 30 idan iyakarsa 40. Ka sa mita a kan AC, ka ɗora tsinkenta biyu a inda wayoyin wufar suke shiga a jikin amfilifaya, ka riƙa murɗa geyin a hankali har ta nuna 28.3, ka tsaya. Daga nan ka rage ƙara, ka kashe mota, ka mayar da wayoyi, ka dawo da LPF wajen Hz 80. Wasu suna amfani da sautin gwaji na -5 dB don samun ƙarin ƙara, amma ga wufar da aka yi wa naɗi, da kuma waƙoƙin yanzu da ake ɗauka da ƙara a cike, ban ba ka wannan shawara ba.

Mita tana da rauni guda da ya kamata ka sani: bolt take gani, ba ta ganin siffar igiya, don haka idan amfilifayar ba ta kai abin da aka rubuta mata ba, ko rediyon da kansa yana datsewa kafin 30, ba za ta gaya maka ba. Na'urar osiloskop ce take nuna datsewa ƙarara a allo, kuma idan akwai mai gyaran rediyo da talabijin da yake da ita a kusa da kai, ka kai masa ya duba maka.

Bayan an gama, lambar nan 30 ta zama iyakarka, kuma BASS BOOST ya zauna a kashe. Ƙarin 3 dB yana neman ninki biyu na wat, 6 dB yana neman ninki huɗu, saboda haka wanda ya saita da mita sannan ya murɗa BASS BOOST ya rushe aikin da hannunsa. Idan ka lura fitilun mota suna dusashewa duk lokacin da bas ya buga, wutar da ke isa amfilifaya tana faɗuwa, kuma hakan yana sa ta datse tun kafin bolt ɗin da ka saita. A nan sai a duba kaurin wayar wuta, a tabbatar ta jan ƙarfe ce zalla, a kankare fenti a inda aka ɗaure wayar as da jikin mota, a gwada batir da altaneta. Idan kuma komai ya daidaita amma ƙarar ba ta ishe ka ba, ka fara duba akwatin wufar, ko girmansa ya dace da ita kuma ba ya yoyon iska, kafin ka yi tunanin sayen wata wufar da amfilifayar da ta fi wannan. Idan rewayan zai yi maka aikin, ka tsaya a kansa ka ga lambar 28.3 a fuskar mita da idonka kafin ka biya.