Zara, Gamzaki da Tauraruwa Mai Wutsiya

Tambaya daga Ƙofar Kaura, Katsina: Malam, mun kwana a dajin Yankari, dare ya raba sai muka ga wani haske ya tsaga sama ya ɓace. Abokina ya ce tauraruwa mai wutsiya ce, ganinta ba alheri ba. Haka ne?

Ɗana, abokinka bai faɗi daidai ba, kuma wannan kuskure ya cika bakin samarin yanzu har ya fara damuna. Abin da kuka gani ɗan dutse ne da ya faɗo daga sama, ya ƙone a iska kafin ƙiftawar ido. Ita mai wutsiya ba ta gudu. Takan yi makonni tana fitowa da jelarta a shimfiɗe. Na ga wata mai wutsiya da ake kira Halley a 1986, da asuba, a bayan gari, can ƙasa-ƙasa wajen kudu, dishi-dishi kamar hayaƙin turare. Sai 2061 za ta dawo, ga mai yawan rai. Karin maganar kuwa, “tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba”, ana jefa ta ga mutumin da ba ya leƙo gidanka sai da rigima ko mugun labari. Kwanan baya na ji an yi wa wata amarya kirari da ita, wai don ta yi kyau! Wanda ya san Hausa ba ya haka.

Tambaya daga Daura: Baba Malam, mene ne bambancin Zara da Gamzaki?

'Yata, abu ɗaya ne mai suna biyu, wato Zuhura a bakin Larabawa. In ta fito yamma bayan magariba, Zara ce, matar wata, shi ya sa ake ce wa ango da amaryar da suka dace “kamar Zara da wata”. In ta koma gabas kafin alfijir, Gamzaki ne. Ba a ganin su biyun a lokaci guda.

Tambaya: Tamraro ko tauraro?

Duka Hausa ce. Kada ka ji kunyar ta kakarka.

Tambaya: Wace ce Kaza da 'Ya'yanta?

Surayya ce, 'yan taurarin nan da suka cure wuri guda. Ido mai kyau yakan ƙirga shida ko bakwai. Fita bayan gari da sanyin hunturu, inda babu hasken lantarki, ka ɗaga kai bayan isha'i.