Amsa ga ƙanwarmu kan auna motsa jikin dattawa a Agege

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare ƙanwarmu mai karatun aikin jinya ta tambaya ko takardar tambayoyi kaɗai za ta ishe ta gano yawan motsa jikin da dattawan unguwarsu a Agege ta Legas suke yi, tunda ba ta da na'urar nan da ake ɗaura wa mutum a ƙugu tana ƙirga motsinsa. To ƙanwata, takarda za ta yi, amma sai kin iya tambaya.

Wadda aka fi sani ita ce IPAQ, wato takardar tambayoyi ta ƙasa da ƙasa kan motsa jiki. Gajeriyarta tambayoyi 7 ce a kan kwana 7 da suka wuce, kuma masu bincike a Jami'ar Maiduguri sun riga sun mayar da ita Hausa, suka wallafa sakamakon gwajinta a 2011, saboda haka an hutar da ke wahalar fassara. Sai dai an tsara ta ne don masu shekara 15 zuwa 69. Idan mutanenki sun haura haka, takardar tambayoyin motsa jikin tsofaffi da ake kira PASE ta fi kusa, wadda aka fitar a Amurka a 1993 don 'yan shekara 65 zuwa sama, domin tana tambayar aikin gida da hidimar kula da wani, ko da yake dole ki sauya misalanta, don babu tsohon da ke kwashe dusar ƙanƙara a Legas.

Babbar matsalar tana wajen lissafin lokaci. Takardar minti take nema, shi kuwa Baba da salla yake auna yininsa. Idan kika ce masa minti nawa ya yi yana tafiya, zai ba ki adadi ne kawai don kada ya kunyata ki. Gara ki bi da shi daki-daki: bayan asuba ina ya nufa, kafin azahar me ya yi, da ƙafa ya je masallaci ko a keke. Ki kuma sani cewa IPAQ ba ta ƙirga motsin da bai kai minti 10 a jere ba, wato dattijon da ke taka sayyada zuwa masallacin bayan layi sau biyar a rana yana iya fitowa a lissafinki kamar wanda bai motsa ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye wannan sharaɗi a ƙa'idojinta na 2020, inda ta bar ma'aunin a minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako.

Iyayenmu mata kuwa, da zarar kin ce “motsa jiki” za su ce ba sa yi, bayan Hajiya ta yi shara, ta yi wanki, ta goyi jika, ta hau bene da bokitin ruwa. Maza su kan ƙara gishiri: dattijo zai ce yini ya yi yana aiki a kasuwar Mile 12, alhali a kan benci yake, yara ne ke sauke buhunan albasa. Ki tambaye shi a keɓe, ba a gaban abokan majalisarsa ba, kuma sa'o'in da ya kwashe cikin motar haya ta danfo a cunkoso ki rubuta su a gurbin lokacin da ya yi a zaune.

Kada ki tattara bayanai cikin watan azumi ko makon da ruwa ya cika layuka, domin kwana bakwai ɗin ba za su nuna yadda mutum ya saba ba. Idan kin gyara misalan, ki turo mini daftarin in duba kafin ki fita.